A Zaune Ake Zaɓen Bango

A gidan da muka tashi, cikin tsohon garin Sakkwato wajen Ƙofar Rini, babu wani ɗaki da ake kira na cin abinci. Yanayi ne ke zaɓa mana wuri. Da bazara, lokacin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 har ɗaki ya gagari zama, tsakar gida muke baje tabarma bayan magariba. Da hunturu mu cunkushe a ɗakin Inna kusa da kaskon wuta, da damina kuma mu raɓe a ƙarƙashin rumfa. Baba shi zaure yake fita, inda maƙwabta ke haɗuwa ciyayya, kowane gida ya fito da akushinsa. Duk inda aka ajiye tuwo aka kawo ruwan wanke hannu, nan ne ɗakin cin abinci har a tashi.

Mu shida ne wajen Inna. Bayan rasuwar Baba aka raba gado, tsohon gida ya zama na mutane da yawa, sai muka yi shawarar haɗa hannu mu gina mata nata a Arkilla. Shekara bakwai muna abu ɗaya: bana a sayi bulo, baɗi a yi rufi, wata shekarar ginin ya tsaya cak saboda kuɗin makarantar yara. Zanen gidan da injiniya ya kawo mana yana da wani ɗan ɗaki tsakanin falo da kicin, tsawonsa mita 4, faɗinsa mita uku da rabi, an rubuta masa dainin. Haka ake zana gidajen yanzu, kuma haka aka gina shi. Sai da aka gama shafe aka sa tayil, aka zo kan abin da za a yi wa bango, sannan ɗan ɗakin nan ya zame mana magana.

Autarmu ce ta fara turo hotuna a zauren WhatsApp na gida. Takardar bango iri-iri, wadda masu shago ke kira wolfefa: mai ruwan zinari, mai zanen bulo kamar na gaske, mai tudu da kwari da in ka kalle ta sai ka ce bangon motsi yake. Yayanmu babba da ke aiki Abuja ya ce ta zinarin za a sa, don ya ga irinta a gidan wani abokinsa, kuma baƙo in ya shigo ya san an tsaya wa tsohuwa. Yayarmu mace, wadda ita ke kwana da tashi da Inna tun da ciwon ƙafa ya kama ta, ta ce duk abin da ba ya wankuwa kada a kawo mata shi gida. Malamin cikinmu ya ce a shafa fenti a huta. Cikin kwana uku saƙonni sun haura ɗari, kuma daga tsakiyarsu maganar ta bar kan takarda. Aka fara jin “ai ni na sayi kwanon rufi”, aka ji “mai turo kuɗi daga nesa bai san wankin bango ba”. Wani ya fita daga zauren, aka sake mayar da shi.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Namu bangon ya daɗe da fara tsagewa, takarda dai ce ta nuna wurin. Tun da aka yi addu'ar arba'in ɗin Baba ba mu sake haɗa hannu a kwano ɗaya mu shida ba. Ko da Sallah, wannan ya zo da hantsi ya tafi, wancan ya zo da la'asar. Kowa yana da lissafin abin da ya zuba a ginin, kuma kowa yana ganin nasa ne ba a gani ba.

Da muka ga waya ba za ta raba gardama ba, mu huɗun da ke gari muka sa rana muka zaga Babbar Kasuwa da wasu shagunan bakin titi. A nan muka koyi lissafin abin. Naɗin takarda da aka fi sayarwa, wanda suke kira rol, faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10. Bangonmu daga tayil zuwa silin mita 3 ne, ke nan falle uku kacal za a yanka a kowane naɗi, abin da zai rufe faɗin da bai kai mita biyu ba. In an cire ƙofofi da taga, ɗakin zai ci naɗi takwas zuwa tara. In zanen manya ne, sai an daidaita fure da fure a kowace gaɓa, abin da ake yankewa a zubar ya ƙaru. Wani dattijon mai shago ya ƙara mana da cewa mu sayi duk abin da muke bukata rana ɗaya, mu kuma duba lambar bugu da ke jikin kowane naɗi ta zama iri ɗaya, domin zane ɗaya in bugunsa ya bambanta launinsa kan ɗan saɓa, kuma ba a ganin saɓanin sai an manna. Kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin, shi ya sa tun da aka saki darajar Naira a tsakiyar 2023 farashinsu bai sake zama wuri ɗaya ba.

Mai mannawar da aka haɗa mu da shi ya fi mai shago faɗin gaskiya, wataƙila don shi za a kira in abu ya ɓaci. Ya zo ya bi bangon da tafin hannu kamar mai duba dabba a kara. Ya ce takarda maƙiyanta uku ne a garin nan. Na farko danshi: bangon siminti yakan sha ruwa daga ƙasa da damina, ya fito da wani farin gari kamar kanwa, gam ya saki, takarda ta kumbura daga gindi. Na biyu rana: bangon da ke fuskantar yamma yana gasuwa tun daga azahar har faɗuwar rana, zafin ya ratso ciki ya busar da gam, gaɓoɓi su buɗe baki. Na uku ƙurar hunturu, wadda daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ƙofa ba taga da ke tare ta. Takarda mai tudu da kwari, in ji shi, ƙura ta fi so, don kowane lungu na zanen masauki ne. Sai ya ƙara da gara, ya ce ita ba ya sa ta a lissafi, domin in ta shigo gida takarda ce ƙaramar asara.

Malamin cikinmu, da yake kimiyya yake koyarwa, ya samu abin da yake so. Ya ba mu labarin wani koren launi da wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Scheele ya haɗa a 1775 da gubar asanik, wanda a ƙarni na 19 mutanen Ingila suka yi ta buga takardar bango da shi saboda kyansa, har likitocinsu suka fara danganta shi da rashin lafiyar mutanen gida, musamman yara. Ya ce shi bai ce takardar yanzu guba ce ba, amma ɗakin da za a ci abinci a kulle da zafi, ya kamata a tambayi abin da aka manna masa, a kuma bar tagogi a buɗe har warin gam da roba ya fita. Autarmu ta ce ya ji da tarihinsa. Amma mun lura daga ranar ta daina turo kore.

Akwai kuma waɗanda muka ajiye gefe ba tare da musu ba. Mai ɗawisu da mai tsuntsaye a kan reshe sun yi kyau ƙwarai, sai dai mun san Inna duk inda lokaci ya riske ta take shimfiɗa darduma, kuma ba za ta yi salla tana fuskantar hoton mai rai ba. Mai rubutun Larabci ita ma muka bar ta, don ba ma son ayoyi a wurin da yara za su watsa miya. Aka rage saura uku: ta zinarin Yaya, wata fara mai siririn zane, da wata mai launin ƙasa wadda babu wanda ya zaɓa, mai shago ne ya cusa mana guntunta a leda ya ce mu gwada.

A hanyarmu ta komawa muka riƙa tuna bangon tsohon gida, muka ga ashe ado a bango ba baƙon abu ba ne wurinmu. Gidan na tubali ne da jar ƙasa. Ana yi masa yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorowa, ita ke ba shi wannan duhun ja mai hana ruwa zama. Rufin soro ana shafe shi da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Magina kan zana dagi a saman ƙofar zaure tun yaɓe yana ɗanye. Wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, ko Gidan Makama a Kano, ya san inda gwanintar ta kai. Daga baya siminti ya zo mana har gida, da aka kafa masana'antar Kalambaina a shekarun 1960, bulo ya kori tubali a hankali, bango ya zama sumul, fari, ba ya cewa komai sai an saya masa abin faɗa.

Cikin ɗaki kuwa ado na mata ne. Su ke daɓe, su ke shafa farar ƙasa in Sallah ta gabato, su ke jere. Kakarmu da ƙore aka yi mata jere. Inna da tasoshi da kwanonin sha masu fure, an jera su tun daga kan gado har kusa da rufi, kowane an goge shi yana ɗaukar ido. Yayarmu da tangaran a cikin kabad mai gilashi. Wanda ya shiga ɗakin mace ya ɗaga kai, ya san gidan da ta fito da irin tsayuwar da danginta suka yi mata. Abin da muka lura da shi shi ne, duk wannan adon kayan cin abinci ne. Bangon Bahaushiya da kwano ake ƙawata shi tun asali. Kwanonin Inna kuwa, tun da aka fara maganar tashi, suna cikin buhuna biyu a ƙarƙashin gadonta, babu wanda ya tanadar musu wuri a zanen injiniya.

Ranar wata Juma'a da la'asar muka ɗauko ta a Keke Napep muka kawo ta ta ga gidan. Yaya ma ya zo daga Abuja a makon. Muka manna guntayen takardun uku a bango da salatif, muka tsaya a bakin ƙofa muna jiran hukunci. Ta dogara sandarta ta leƙa ɗakin.

“Wanga ɗaki na mi na?”

“Na cin abinci ne, Inna.”

“To, sauran ɗakunan an hana ci cikinsu?”

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Yaya ya nuna mata inda tebur zai zauna da kujeru shida. Ta ce ita ƙafarta ba ta son lilo bisa kujera, kuma tuwo ba ya mata daɗi in ya fi gwiwarta tsawo. Ta sa aka ɗauko tabarmar mai gadi aka shimfiɗa, ta zauna a hankali, ta miƙe ƙafa, ta jingina bayanta da bango.

“Ku zamna ku diba,” in ji ta. “Tsaye kunka zaɓe ta, tsaye za ku ci?”

Muka zazzauna, manya da mu, har da Yaya da shaddarsa mai sitaci. Daga ƙasa ɗakin wani ɗaki ne daban. Takardar zinarin da ke walƙiya a shago ƙarƙashin fararen ƙwayaye, daga nan hasken taga take dokowa cikin ido, sai ka kau da kai. Manyan furanninta da suka yi daidai da mai tsayuwa, ga mai zama kamar za su faɗo masa. Farar kuwa, kafin mu tashi har ta samu tambari: ɗan yayarmu mai shekara uku ya gama cin ƙosai ya dafa ta, yatsu biyar na mai suka fito raɗau. Muka kuma ga abin da ke gabanmu tun farko. Mu shida da Inna, babu wanda bai jingina ba. Duk wanda ya zauna cin abinci a ƙasa bango yake nema da bayansa, kansa da man gashinsa da zufarsa duk a nan suke sauka. Mita ɗaya ta ƙasan bango ita ke aiki. Abin da ke sama kallo ne kawai.

Inna ta shafa guntun mai launin ƙasa da bayan hannu, ta ce ya yi kama da jar fatar da majema ke shanyawa. Malaminmu ya ce ai fatar jan akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Ta ce ita ba ta san Maroko ba, ta dai san launin ba ya nuna dauɗa, kuma ba ya gajiyar da ido.

A kan tabarmar nan aka yanke magana, kuma kowa ya samu wani abu ya rasa wani. Daga tayil zuwa mita ɗaya da 'yan kai, duk kewayen ɗakin, fenti mai mai za a shafa, irin wanda ake yi wa azuzuwan makaranta da ɗakunan asibiti, ruwan ƙasa mai duhu, wanda soso da sabulu ke wankewa. Wannan na yayarmu ne. Takarda bango ɗaya kawai za ta hau, na gabas wanda ya haɗa da falo, inda rana ba ta duka kuma ruwa ba ya taɓawa, daga saman fentin zuwa silin. Da yake tsawon bai kai mita biyu ba, falle biyar ake samu a naɗi, naɗi biyu sun isa, muka sayi uku don ajiya. Sauran bangon aka bar su da farin fenti, malaminmu ya ce a rubuta cewa rabin shawararsa aka bi. Autarmu aka bar mata zaɓen zanen, cikin masu launin ƙasa, ta zaɓo mai ƙananan layuka da suka sarƙe da juna, sumul ba tudu, wanda in ka ƙura masa ido yana tuna maka dagi.

Saura Yaya. Shi ne ya fi kowa zuba kuɗi a ginin, wannan ba a musu, kuma zinarinsa ne aka kayar gaba ɗaya. Ya yi shiru har muka fara tsarguwa. Can sai ya tambayi Inna ina tasoshinta. Ta ce suna nan cikin buhu. Ya ce kuɗin naɗi shidan da aka fasa saye, a ba kafinta ya yi kanta uku na katako a jikin bangon takardar, a jera su. Yayarmu, wadda kwana goma ba ta amsa sallamarsa a waya ba, ta ce ita za ta goge su da toka da lemun tsami kamar yadda ake yi da. Tasa in ta sha guga ruwan zinari take komawa. Babu wanda ya faɗi haka a fili, amma mun ga Yaya ya yi murmushi.

Ba mu manna nan take ba. Mai aikin ya ce a bar bango ya sha iska, damina ta wuce, a ga inda zai yi gumi. Muka jira har bayan kaka. Ya goge bangon ya shafe shi sumul, ya ja layi da igiya mai nauyi a baki don fallen farko ya tsaya daidai, domin in na farko ya karkace duk sauran sun bi shi. Yini ɗaya ya gama. Muka bar tagogi a buɗe mako guda kafin Inna ta tare.

Teburin an saya, don an riga an biya kafinta. Yana nan a jikin taga, an tura shi lungu. Jikoki ke aikin makaranta a kansa, a kansa ake ajiye kuloli da fulas, kuma in baƙin Yaya suka zo 'yan boko a nan ake ba su shinkafa da cokali. Tsakiyar ɗakin tabarma ce da leda.

Ba za mu ce ɗaki ya gyara zumunci ba. Har yanzu akwai lissafin da ba a rufe ba, akwai maganar katangar baya da ba a gama ba da wanda zai biya. Amma da azumin bana Inna ta kafa doka, ta ce duk wanda ke gari ranar Juma'a a gidanta zai sha ruwa. Juma'ar farko mu huɗu ne. Ta uku Yaya ya biyo jirgi ya zo, 'yar'uwarmu da ke aure Birnin Kabi ta biyo mota da yaranta, muka cika shida. Aka sha hura da kunu, bayan magariba aka kawo tuwon shinkafa da miyar sure a babban faranti, man shanu yana narkewa a kai. Wuta ta ɗauke ana tsakar ci, aka kunna fitila mai caji aka ɗora a kan kanta ta ƙasa, haskenta ya bi tasoshin nan ya bazu a ɗakin. Inna ta riƙa nuna su da baki tana faɗa wa jikoki wadda goggonta ta ba ta, da wadda aka sayo da kuɗin gyaɗar kakanmu, da wadda ta lotse ranar da Yaya yana rarrafe ya jawo jere ya zubo.

Da aka watse yayarmu ta zo da soso. A jikin fentin, daidai tsayin kafaɗar mai zama, akwai tabon mai guda bakwai a jere, sai ƙananan yatsu birjik daga ƙasa. Ta wanke yatsun tas. Ta ɗaga soso za ta bi sauran, Inna ta ce ta bari sai bayan Sallah.